Wanda Ya Tare Jirgi a Azare

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Azare ba, Malam Maikuɗi mai gyaran agogo kuma bai taɓa zuwa inda jirgin ƙasa yake ba. Na farkon kowa ya sani. Na biyun kuwa shi kaɗai ya san abinsa, yana kuma ɓoyonsa kamar mai gyambo a ƙarƙashin wando.

Asalin abin ba wani babba ba ne. Lokacin da ya baro Katagum yana saurayi, da ɗan akwatin kayan aikinsa, ya samu rumfa a bakin kasuwar Azare, sai masu zaman benci a wurin suka tambaye shi inda ya koyi gyara. Gaskiyar ita ce a garinsu ya koya, a gindin wata tsamiya, wurin wani tsoho mai ido ɗaya. Amma ya lura da yadda suke kallon wandonsa da bai kai idon sawu ba, sai bakinsa ya riga shi. Ya ce a Zariya ya koya, dab da tashar jirgi. Nan take aka matsa masa wuri a bencin.

Matsalar ita ce mutanen Azare akwai tambaya. Yaya kukan jirgin yake? Da gaske ne ana cin abinci a ciki? In mutum ya matsu fa? Kowace tambaya sai ya nemo mata amsa, yana tsintar wannan a bakin direbobi, wancan a rediyo, saura kuma ya cike da nasa. Kafin gemunsa ya fara furfura ya zama shi ne alƙalin maganar jirgi a layin. Ko waɗanda suke zuwa Kano fatauci, da suka ga jirgin da idonsu, in gardama ta kaure sai su ce a je wurin Malam, shi da ya zauna a bakinsa.

Mai karatu zai ce, to me ya hana shi ya hau mota wata rana ya je ya gani, ya huta? Cikinsa ne ya hana. Malam Maikuɗi ba ya iya mota. Ko zuwa Katagum, in ta kama dole, sai ya riƙe lemun tsami a hanci da leda a cinya, ya sauka kamar wanda ya tashi daga jinya. Tafiyar Kano kuwa ko a mafarki ya yi ta sai ya farka da jiri.

Shagon da ke jikin rumfarsa na Ayodele ne, Bayaraben da ke sayar da kayan wuta, su ƙwan fitila da waya da batir. Ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗin ji. Shi a Offa aka haife shi, a gidajen ma'aikatan reluwe, dogo na bayan ɗakinsu. Amma duk shekarun nan bai taɓa tanka wa Malam ba in ana labarin jirgi. Sai ya sunkuyar da kai yana naɗe waya, in an ce, "Ko ba haka ba, Ayo?" ya ce, "Ai Malam ya faɗa."

Shi Ayodele ɗin ne ya jawo komai, ba da nufi ba. A wajajen 1988 ya dawo daga Ikko da wani jirgin wasa na gwanjo da ya sayo wa 'yarsa Folashade, kan jirgi da taragai da guntayen dogo masu haɗuwa. Abin ya ƙi tafiya, yarinya kuma ta nuna ba ta damu ba, sai ya miƙa wa maƙwabcinsa ko zai duba. Malam ya buɗe cikinsa, ya goge tsatsa, ya sauya wata 'yar waya. Da ya ɗora shi a kan dogon ya ga ya ɗauki hanya yana ƙyas-ƙyas, sai ya tsaya yana bin sa da kallo. Wannan ne jirgin farko da ya taɓa gani yana tafiya, kuma tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

"Riƙe shi, Malam," in ji Ayodele. "Na ga ya fi son ka."

Daga nan Malam ya zauce. Ya samo faffaɗan katako ya shimfiɗa a zauren gidansa, ya fara gina ƙasa a kai. A wannan gefen ya yi Azare, da kasuwarta da tankin ruwa da gidaje na yumɓu. A can gefen ya yi Katagum, ya yi mata kogi da fasasshen madubi, ya ɗora gada da ƙarafan tsohuwar lema. Motocin ɗaukar kaya da gwangwanin madara ya yi su, jakuna da shanu kuwa da laka, ya shanya su a rana ya shafa fenti. Dogo ya tashi daga Azare ya je Katagum ya kewayo. Matarsa Saudatu ta yi mita har ta gaji. Ta ce mata 'yan'uwanta in sun zo sai sun raɓa bango kafin su shiga gida, suna tambayarta ko Malam ya samu jika ne ba a gaya musu ba.

Ranar da ya gayyaci 'yan benci su gani, babu wanda bai riƙe baki ba. Mamman tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, shi ma sai da ya yaba. Shi ne ya ce lallai a kai wannan abu baje-kolin sana'o'in hannu da za a yi bayan girbi, mutanen ƙauye ma su ga jirgi. Sannan ya duƙa ya nuna wani wuri da yatsa, inda hanyar mota ta ratsa dogo.

"Amma Malam, ina ƙofar? A Kano duk inda mota ta haɗu da dogo akwai ƙofa, har da mai gadi."

Gaban Malam ya faɗi. Duk tsince-tsincen da ya yi na shekaru, babu direban da ya taɓa ba shi labarin wata ƙofa. Amma fuskarsa ta riga ta saba da irin wannan.

"Kai ma dai, Mamman. Ana fara gini da ƙyaure ne? Ita na bari ta ƙarshe. Kuma ba ta ado zan sa ba, mai aiki zan sa."

"Mai aiki?"

"Da kanta za ta riƙa motsi in jirgi ya zo."

Bai san lokacin da ya faɗi haka ba. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa.

Da Ayodele ya sake zuwa Ikko sarin kaya, sai ya bi wurin masu gwanjon ya tono abin da ya samu. Ya dawo da 'yar leda, ya zazzage ta a kan teburin Malam, 'yan benci suka kewaye. Ƙofofi iri biyu ne, duk warwatse, babu gindi babu takarda. Iri na farko ƙyamare ne farare, kowanne da jan tambari a tsakiya, masu buɗewa kamar ƙofar gida. Iri na biyu kuwa 'yan sanduna ne guda biyu masu zanen ja da fari, kowace a kan ɗan ginshiƙinta, tana ɗagawa sama tana saukowa.

"Wannan mai ƙyauren ita ce irin ta garinmu," in ji Ayodele. "Mutum ne ke tura ta. In ka ɗaura mata zare ta ƙarƙashin katako, kana ja tana juyawa, ba ta da rigima. Mai sandan nan ta fi kyan gani, amma in kana so ta yi aiki da kanta sai an yi mata wayo sosai."

Malam ya ɗauki ƙyauren ya jujjuya. Guda huɗu ne, bai san wanne ke fuskantar wanne ba, bai san ta ina suke rufewa ba, jan tambarin nan ma bai san amfaninsa ba. Ya ji idanu a kansa. Ya ajiye da sauri ya ɗauki sandar, sai hankalinsa ya ɗan kwanta, domin wannan kam ya san ta. Akwai irinta a bakin tashar mota, akwai a ƙofar asibiti, akwai a sakatariya. Kullum yana wuce su a kan kekensa.

"Wannan ita ce ta zamani," ya ce. "Mai ƙyauren nan tun ina Zariya aka fara cire su."

"Ai ka ji," in ji Mamman.

Ayodele ya ce a hankali, "To Malam, in ka tashi kafawa ka yi mini magana in zo gida mu yi tare. Akwai yadda ake ajiye ta."

Da su biyu ne kawai, da wataƙila Malam ya ce to. Amma bencin cike yake, Mamman kuma har ya fara murmushin nan nasa na jiran abin faɗa. Tsoro ne ya kama Malam, sai ya fito masa a matsayin faɗa.

"Ni za ka koya wa ƙofar jirgi, Ayo? Lokacin da nake ratsa ta safe da yamma kana ina? Ka tsaya a kan ƙwan fitilarka, ka bar mini abin da na sani."

Aka tuntsire da dariya. Ayodele ya naɗe ledarsa ya ce, "Yi haƙuri, Malam, ban yi nufin haka ba." Ya koma shagonsa. Malam ya ɗauki agogon wani ya maƙala madubi a ido, ya daɗe yana kallon cikinsa ba ya ganin komai. Shekara da shekaru mutumin nan yana tsare masa rumfa in ya tafi masallaci, shi kuma Malam bai taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

A zaure, da ya zauna shi kaɗai da sandunan, sai ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya auna abin da bai sani ba da abin da ya sani. Yaya sandar asibiti take aiki? Kwance take a kan hanya. In motar likita ta taho, mai gadi ya tashi da sauri ya ɗaga, mota ta wuce, ya sauke. Ta sakatariya ma haka, ta tasha ma haka. Ana ɗaga sanda ne ga babba in ya iso. To a nan wane ne babba in ba jirgi ba? Sai ya kafa sandunan nan biyu a kan dogo, ɗaya kafin hanyar mota ɗaya bayanta, kowace ta gitta layin jirgi. Hanyar jakuna da motoci kuwa ya bar ta a buɗe wayam.

Sauran aikin na hannu ne, a nan kuwa babu mai ja da Malam Maikuɗi. Ya sa reza biyu a ƙarƙashin dogo, yadda in nauyin jirgi ya danna su za su haɗu wuta ta wuce. Ya ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata matacciyar rediyo, ya ɗaura masa zare mai jan sandunan. Gwajin farko sandar ta zabura da ƙarfi har ta tsinke zaren ta faɗa kogin Katagum. Na biyu ta yi nawa, jirgi ya zo ya yi karo da ita ya kife. Sai ya warware wani tsohon agogon tebur ya ɗebi haƙoransa ya jera su tsakanin injin da zaren, tashin sandar ya zama a natse, kamar na mai gadin da ya san aikinsa. Ƙararrawar agogon ma bai bar ta ba, ya maƙala ta tana kaɗawa in sanda ta tashi. A ƙarshe ya yi ɗan mai gadi na laka, hannu a goshi, ya tsayar da shi a gefe.

Saudatu ta leƙo ta ga jirgi ya taho, ƙararrawa ta kaɗa, sanduna suka tashi, ya wuce suka sauka. Ta tafa hannu ta ce, "Iko sai Allah! Malam, har da gaisuwa? Ashe haka ake yi wa jirgi a Zariya?"

"Haka ake yi," ya ce, bai kalle ta ba.

Ba wai zuciyarsa ta kwanta ba ne. Maganar nan ta Ayodele, akwai yadda ake ajiye ta, tana ta yi masa yawo a kai. Wata safiya kafin 'yan benci su taru har ya tashi ya shiga shagonsa da niyyar ya ce ya zo ya duba masa. Ayodele ya ɗago ya gaishe shi da fara'a, kamar ba shi aka yarfa ba. Malam ya buɗe baki, ya tuna abin da ya faɗa a gaban mutane, kunya ta rufe shi. Ya ce a ba shi batir, ya karɓa ya fito.

Ranar baje-koli aka lulluɓe katakon da zanen gado aka ɗora a kurar turawa. Ayodele ne ya kama gefe ɗaya, shi ya kuma kawo batirin mota da za a yi amfani da shi, ya rufe shagonsa don haka. Filin ya cika da mutane, manoma daga Disina da Zadawa da buhunan gero da manyan kabewa, masaƙa da maƙera da masu tukwane. Amma rumfar Malam ta fi kowace taro, domin kowa ya ji labarin ƙofa mai aiki da kanta. Ya ƙi yaye zanen sai manyan baƙi sun iso.

A cikin dattawan da ke zagayawa da manyan baƙin akwai Alhaji Bubayero, dillalin shanu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana loda shanu a taragai daga Nguru zuwa kudu. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana. Da suka tsaya a gaban rumfar, Malam ya gyara hula ya yaye zane. Jama'a suka ɗauki salati.

Ayodele yana durƙushe yana ɗaura waya a batir. Ya ɗago ya kalli katakon, idonsa ya sauka a kan sandunan, hannunsa ya tsaya cak. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam, kada ka kunna tukuna."

Amma Malam ya riga ya danna. Jirgi ya tashi daga Azare, ya ratsa gonaki, ya doshi mahaɗar. Ƙararrawa ta kaɗa, sanduna suka miƙe a natse, jirgi ya wuce ta ƙarƙashinsu, suka sauko. Mutanen ƙauye suka ɓarke da shewa, wata tsohuwa har da guɗa. Malam ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, bai kuma daɗe yana jin sa ba.

Alhaji Bubayero bai tafa ba. Ya dogara da sandarsa ya duƙa, ya jira jirgi ya sake kewayowa.

"Sannu da aiki, Malam. Hannu kam Allah ya ba ka. Amma wannan sandar, wa take tarewa?"

"Jirgi, ranka ya daɗe. In ya iso a ɗaga masa."

Alhaji ya miƙa hannu. Ya sa yatsu biyu ya ɗauki wani jakin laka daga kan hanyar mota, ya tura shi a hankali kamar mai tafiya kasuwa. Babu abin da ya tare jakin har ya hau kan dogo. Ƙararrawa ta kaɗa, sanduna suka tashi cikin ladabi, jirgi ya zo ya kwashe jakin, kansa ya yi gefe guda gangar jikinsa ta yi gefe guda.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Jirgi ba ya tsaya wa sanda, Malam. Ko direban ya so tsayawa ba zai iya ba. Mutane ake tarewa, da dabbobi da motoci, har ya wuce. Duk yawon da na yi ban taɓa ganin inda aka tare jirgi aka saki jaki ba."

Fataken Kano da ke wurin suka fara kallon juna. Lallai kuwa, a Kano motoci ake tsayarwa. Alhaji ya ɗago ya dubi Malam, ba da mugunta ba, da mamaki kawai.

"Ba kai ne aka ce ka zauna a Zariya ba, a bakin tasha?"

Kowa ya zuba wa Malam ido. Shi kuma ya dubi taron. Ya hango Mamman a gaba-gaba, baki a buɗe. Ya hango Saudatu can cikin mata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya san ta ƙare. Ba ƙofa kaɗai za a tambaye shi ba, za a tono duk labaran da ya bayar tun yana saurayi a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma gobe dole ya fito ya zauna a rumfar nan. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Alhaji, laifina ne."

Ayodele ne ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Ni na kafa ta. Da safe Malam ya tafi neman mai kura, ya ce in ɗaura masa sandunan. Ni kuma sai na juya su. Bai gani ba, na riga na rufe da zane."

"Kai?" in ji Mamman. "Kai da ka ce a bayan ɗakinku dogo yake?"

"Na daɗe da barin gida," in ji Ayodele, yana ɗan murmushi.

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle gaba ɗaya. Mamman ya buga cinya yana cewa ai shi ya sa tun farko Malam ya hana shi sa hannu, a gabansu aka yi, kowa shaida ne. "Kun ga mutumin da zai tare jirgi da kara! Tare-Jirgi!" Yara suka cafe sunan tun kafin ya rufe baki.

Alhaji Bubayero shi bai yi dariya ba. Ya sake duban Malam ya ce, "To kai ba ka duba ba kafin ka kawo wa jama'a?"

Nan ne wurin da Malam Maikuɗi ya samu damar ya zama mutum. Kowa na sauraro, kalma kaɗan ta isa. Ya kalli ƙasa, ya ce, "Na yarda da shi ne, ranka ya daɗe."

A wannan lokacin ne ya gane wani abu da ya fi dariyar ciwo. Mutum ba ya yin irin wannan ƙaryar nan take sai in ya san abin da yake rufewa. Ashe duk shekarun nan da Ayodele ke sunkuyar da kai yana naɗe waya, ya sani.

Suna in ya kama mutum a Azare ba ya sakinsa. Kafin a gama sussukar dawa babu mai cewa shagon Ayo, sai shagon Tare-Jirgi. Masu sayen ƙwan fitila su ce ya gwada musu, kada ya ba su mai haska ƙasa ta bar sama. Wani mai gini da ya saba ba shi aikin wayar gidaje ya koma wurin wani, wai yana tsoron a juya masa. Folashade ta dawo daga makaranta da kuka, an ce mata 'yar Tare-Jirgi. Uwarta Stella, da take aiko wa Malam da dafaffen wake in ta yi, ba ta daina aikowa ba, amma ta daina tsayawa gaisuwa. Ta ajiye kwano ta wuce.

Malam ya jingine katakon a bango ya juya fuskarsa, bai ƙara kunna jirgin ba. In aka ɗauko maganar jirgi a benci sai ya ce kansa na ciwo. Ya rame, abinci ba ya masa daɗi. Sau ɗaya ya tare Ayodele a bayan shago ya fara cewa, "Ayo, maganar ranar nan..." Ayodele ya ce, "Wace magana, Malam?" ya ci gaba da kwance kwalinsa. Da Ayodele ya zage shi da ya fi wa Malam sauƙi.

Ana nan har damina ta kewayo. Wata ranar kasuwa da hantsi, wani baƙon malamin makaranta da aka turo daga Dagauda ya kawo agogonsa gyara, ya zauna a benci yana jira. Ya ji ana ta kiran Tare-Jirgi, Tare-Jirgi, sai ya tambaya ina mutum ya samo irin wannan suna.

"A'a, ba ka sani ba?" in ji Mamman, har yana gyara zama. "Malam, ba shi labari. Kai aka yi wa, kai ka fi kowa iya faɗa."

Ayodele yana zaune a bakin shagonsa, yana jin komai. Malam ya cire madubin daga idonsa ya ajiye. Ya dafe tebur.

"Ni na kafa sandunan nan," ya ce. "Da hannuna, a zaurena. Ayo bai sa hannu ba, bai ma ga yadda na kafa su ba sai a fili. Ban san yadda ake ajiye su ba domin ban taɓa ganin ƙofar jirgi ba. Jirgin ma ban taɓa gani ba. Ban taɓa zuwa Zariya ba. A Katagum na koyi gyara, a gindin tsamiya. Duk abin da na gaya muku ƙarya ne."

Ya faɗa ya gama, ya rufe ido yana jiran abin da zai biyo baya. Ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, na wanda ya sauke kaya.

Mamman ne ya fara magana, muryarsa kuma ta yi laushi yadda ba a saba ji ba.

"Allahu Akbar. Kun ji halin Malam ko? Ya ga sunan yana damun maƙwabcinsa, shi ne zai kwashe ya ɗora wa kansa."

"Ba haka ba ne, Mamman. Gaskiya nake..."

"Haba Malam. Mutumin da ya gaya mana har kalar rigar mai duba tikiti? Yau kuma ka ce ba ka je ba?"

'Yan benci suka yi ta girgiza kai suna cewa kai, samun irin Malam sai an tona. Malam ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi..."

Mamman ya zabura ya kama hannunsa. "A'a, a'a! Kada ka rantse, Malam. Kada ka ja wa kanka kaffara saboda abota. Mun ji, mun kuma gode maka a madadinsa."

Malam ya juya wajen shagon. "Ayo, don girman Allah gaya musu."

Ayodele ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"Bar shi haka, Malam," ya ce. "Ya riga ya zauna."

Wata mata ta tsaya a bakin hanya da tocila a hannu ta ɗaga murya, "Tare-Jirgi, akwai batir?"

"Akwai," in ji Ayodele, ya tashi ya shiga ciki.

Baƙon malamin ya matso ya kama hannun Malam Maikuɗi da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Malam," ya ce, "Allah ya ba mu aboki irinka."

Duk bencin suka ce amin.